Kundin gidan raga: kuɓewa mai naɗaɗɗen ganye da farin ƙuda

16 ga Satumba, 2024

An kammala gidan ragar jiya. Tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, da ƙofa biyu a jere, ba a buɗe ta ciki sai an ja ta waje. Raga mai ido 50 a kowane inci muka sa. Gidan sauro na kasuwa ya fi araha, amma farin ƙuda tsawonsa milimita ɗaya ne kacal, idon gidan sauro a wurinsa ƙofar gari ce. A ciki akwai keji 12, kowanne santimita 60 ta kowace fuska, a kan tebur huɗu. Ƙafafun teburan suna tsaye cikin gwangwanayen madara da aka cika da ruwa da ɗan baƙin mai, saboda kiyashi da tururuwa da ke bin ruwan zaƙin da ƙudan ke kasayarwa.

Masu lambu a nan Kano, daga na bakin Jakara har na Kura da Kadawa, sun daɗe da lura cewa kuɓewar da ganyenta ya naɗe ita ƙuda ya fi cikawa. Fassarar da aka saba yi ita ce ƙudan ne ya yi yawa, shi ya sa ta kamu. Gaskiya ne shi ya kawo cutar. Abin da muke son aunawa shi ne abin da ke biyo baya: bayan ta kamu, shin cutar tana mayar da ita wurin da ƙudan zai fi jin daɗin ci da haihuwa? In haka ne, tsiron da ya kamu aka ƙyale shi don 'yan 'ya'yan da zai bayar, turken kiwon ƙuda ne aka kafa a tsakiyar lambu.

Akwai dalilin zargin haka. A 2007 masu bincike a jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin sun auna wannan a jikin taba. Wani nau'in farin ƙuda da aka ɗora a kan tabar da ta kamu da bairos mai naɗe ganye ya ninka ƙwansa sau 18, tsawon ransa ya ninka sau 7, kuma cikin kwana 56 yawansa ya kai ninki 13 na wanda ke kan lafiyayyar taba. Wancan bairos ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da wani ƙaramin zoben DNA, rabin girmansa, wanda ba ya iya kwafin kansa ko ɗinka rigarsa, sai ya raɓu da babban. A nan "ɗan rakiya" muke ce masa. Babban furotin da yake ƙerawa shi ne βC1, kuma shi ne ke karya garkuwar shuka. An samu irin wannan haɗi a kuɓewa a Nijar da Mali da Burkina Faso: bairos ɗin naɗe ganyen auduga na Jazira, wanda aka fara sani a Sudan, tare da nasa ɗan rakiyar. Ƙuda kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka.

7 ga Oktoba

Babu gwajin da zai yiwu sai da ƙuda mai tsabta. Duk wanda aka kamo a lambu abin zargi ne, domin wannan dangin bairos in ya shiga cikin ƙuda yakan ratsa hanji, ya bi ruwan jiki, ya isa jakar yawu, ya zauna kusan iya rayuwar ƙwaron. Hanyar wanke shi ita ce a ɗora manya a kan shukar da bairos ɗin ba ya kamawa na awa 48 su zuba ƙwai, a zuƙe manyan a kashe, a bar 'ya'yan su tashi a kanta. In sun zama manya a mayar da su kan sabuwar shuka, a maimaita. A zafin yanzu, daga ƙwai zuwa babba kusan mako uku ne, zuriya biyu mako shida ke nan.

Ɗakunan gwaji da yawa a kan auduga suke kiwon farin ƙuda. Mu ba za mu kusance ta ba, tunda wanda muke zargi asalinsa na auduga ne. Haka rama da yakuwa, duk dangin kuɓewa ne.

Da kabeji muka fara, bai karɓa ba. Manyan sun mutu cikin kwana uku, ƙwan da suka bari bai taka kara ya karya ba. Yau mun sake da gauta, kuma kafin la'asar sun kwanta a bayan ganye suna ci. Wannan ya tuna mana cewa Bemisia tabaci, sunan farin ƙuda a kimiyyance, suna ɗaya ne a kan nau'o'i fiye da 30 da ido ba ya rarrabewa. A Afirka ta Yamma an daɗe da sanin cewa na rogo daban, na kuɓewa daban. A aikin Zhejiang ma, nau'in da ya shigo daga waje ne ya ci ribar, ɗan asalin yankin bai samu komai ba. Don haka duk sakamakon da za mu samu na nau'in da ke kejinmu ne kawai. Mun adana manya 30 a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari don a tantance nau'insu ta ƙwayar gadon mtCOI.

28 ga Oktoba

An ɗebo ganye daga tsiro 24 a lambuna uku. Ba kowane naɗewa ne na bairos ba: ƙishirwa na naɗe ganye, darɓa na naɗe shi, iskar da ta kwaso maganin ciyawa daga gonar maƙwabci ma haka. Abin da muka nema shi ne ganyen da ya lanƙwashe kamar ludayi, jijiyoyin bayansa suka kumbura suka yi kore shar, wani lokaci har da ɗan tsiro kamar kunne a kan jijiyar, gaɓoɓin kara kuma suka matse.

PCR na farko, wato gwajin da ke kwafin DNA ɗin bairos har ya fito a matsayin layi, bai ba da layi ko ɗaya ba, har a ganyen da makaho zai shafa ya ce ya kamu. Yauƙi ne. Abin da ke sa miyar kuɓewa ta yi daɗin tuwo yana nan a ganyenta ma, yana bin DNA duk inda ta je. Abin da ya kamata ya kwanta fari a gindin bututu sai ya fito kamar majina, bakin abin ɗiba ya ja shi zare-zare, kuma yana hana sinadarin kwafi aiki. Gyara huɗu muka yi. Mun rage ganye daga miligiram 200 zuwa 50, daga ɗan sabon toho na sama. Mun ɗaga gishirin ruwan CTAB, wanda ake ciro DNA da shi, daga mola 1.4 zuwa 2, domin gishiri mai yawa yana riƙe yauƙin a narke lokacin da DNA ke kwanciya. Mun wanke da kulorofom sau biyu bayan minti 30 a digiri 65. Sannan mun tsarma DNA ɗin ɗaya cikin goma kafin a zuba. Wannan na ƙarshe shi ya fi komai aiki, ko da yake hannu na ƙin yinsa, saboda mutum na ganin kamar yana zubar da abin da ya sha wuyar samu.

Da AV494 da AC1048, guntayen DNA da ke nuna wa PCR inda zai kwafa, layin bairos yana fitowa a wajen haruffan DNA 550. Da Beta01 da Beta02 ɗan rakiya yana fitowa gaba ɗayansa, wajen haruffa 1,350, shi kuwa babban kusan 2,800 ne. Mun zaɓi tsiro uku da suka nuna duka biyun, aka haƙo su da ƙasarsu, aka goge bayan kowane ganye da auduga mai ruwan sabulu, suka shiga keji na 1. Ragowar ganyen yana cikin ambulan da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Firiji ba abin dogaro ba ne in wuta na ɗaukewa, ganyen da ya daskare ya narke ya sake daskarewa kuwa ya tashi daga aiki.

25 ga Nuwamba

Ƙudan gauta ya kai zuriya ta biyu. An gwada 20, biyar-biyar a bututu, babu bairos. Wannan gwaji dole ne, domin an taɓa samun wani bairos na tumatir daga wannan dangi yana bi ta ƙwai zuwa 'ya'ya.

Muna shuka irin kuɓewa Clemson Spineless sabon zubi duk mako biyu, a leda mai cin ƙasa kilo 2, kashi uku jigawa kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ana sa cutar lokacin da tsiro ke da ganyen gaskiya biyu. Ƙuda ya yi awa 48 a kan mai ciwo, sannan a ɗora 20 a kan kowane tsiro na awa 48. Minti 15 zuwa 30 na ci na iya isa ya ɗauki bairos, amma sai ya yi awanni a jikinsa, daga takwas zuwa yini guda, kafin ya kai yawu. Awa 48 ta rufe duk wannan.

Kuskuren da ke rusa irin wannan gwaji shi ne a kwatanta mai ciwo da tsiron da ƙwaro bai taɓa taɓawa ba. Cizon ƙuda shi kansa yana canza garkuwar shuka, ko babu bairos. Don haka tsiron kwatance su ma an ɗora musu ƙuda 20 masu tsabta na awa 48, a rana ɗaya, a ganye ɗaya. Bayan nan an zuƙe manyan da bututun zuƙa, an goge ƙwai. Ba a fesa komai ba. Maganin ƙwari imidakulofirid da danginsa suna shiga jikin shuka su yi makonni, za su kashe ƙudan da za mu auna, kuma su kansu suna taɓa garkuwar da muke bincike.

Ga yadda garkuwar take, domin duk matakan gaba a kanta suka dogara. A cikin ƙwayoyin ganye akwai wani furotin, MYC2, wanda shi ke ba da umarnin a ƙera makamai: sinadaran tarfin masu ƙamshin da ke korar ƙwaro ko ya cutar da shi, da waɗansu da ke hana cikinsa narkar da abinci. Ƙera makamai na cin ƙarfin shuka, don haka a zaman lafiya MYC2 a dabaibaye yake, dabaibayin kuwa furotin ne da ake kira JAZ. Da ƙwaro ya huda ganye sai shuka ta fitar da jasmonet. Jasmonet ya haɗa JAZ da wani furotin, COI1, a yi wa JAZ alama, a kai shi a niƙe. Dabaibayi ya kwance, MYC2 ya tashi aiki.

Aikin da aka wallafa a 2014 ya nuna βC1 yana kama MYC2 kai tsaye, ya hana shi haɗuwa da ɗan'uwansa, alhali sai sun zama biyu suke aiki. Tarfin ya ragu, ƙuda ya sake. Bairos ɗin tumatir na TYLCV, wanda ba ya bukatar ɗan rakiya, yana da furotin C2 da ke hana a niƙe JAZ, wato ko an yi ƙararrawa dabaibayin na nan. Bairos ɗin kokwamba na CMV, wanda darɓa ke ɗauka, furotinsa 2b shi ma JAZ yake rungumewa ya hana a taɓa shi, an nuna haka a 2017. Na TSWV kuwa, wanda ɗan siririn ƙwaron fure tirifs ke ɗauka, a 2019 an ga furotinsa NSs yana kama MYC2 a barkono. Dangi uku da ba su haɗa kaka ba, ƙwari uku daban-daban, duk a kan igiya ɗaya suka sa hannu. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu ƙarfin gwiwa cewa a kuɓewa ma akwai abin gani.

Akwai hanya ta biyu. Shuka na da wata ƙararrawar, asid salisilik, ɗan'uwan asfirin, wadda take bugawa in cuta ce ta shigo. Sau da yawa in wannan ta tashi, ta jasmonet takan yi ƙasa. 'Ya'yan farin ƙuda da kansu an nuna suna tayar da ta salisilik don su danne ta jasmonet. Wani dalilin ke nan da ya sa tsiron kwatance dole su sha cizo.

16 ga Disamba

Hunturu ya shigo. Ma'aunin cikin gidan raga ya sauka digiri 13 da asuba. Alamun da muka sa ran gani cikin mako biyu zuwa uku sai yanzu suke leƙowa, zubin makon jiya bai gama tsirowa ba, 'ya'yan ƙuda kuma sun tsaya cak a mataki na uku. Da magariba muna rufe kejin da leda mai kauri, a yaye da hantsi.

Ƙura ta toshe ragar har iska ba ta ratsawa. Ana wanke ta da tiyo daga ciki zuwa waje duk kwana uku. Bushewar iska ta tayar da jan gizo-gizo a keji na 7. An fitar da tsiron gaba ɗaya an ƙone, domin shi yana tayar da jasmonet sosai, tsiron da ya taɓa ba ya auna mana komai. Yanzu akwai buhun algarara jiƙaƙƙe a ƙarƙashin kowane tebur.

13 ga Janairu, 2025

An gama zagaye na farko na ƙirgen ƙwai a zubi na uku, mako huɗu bayan sa cutar, mai ciwo 15 da na kwatance 15, kowanne PCR ya tabbatar da matsayinsa.

Ƙaramin kejin ganye daga bututun roba mai haske aka yanka, faɗin santimita 3, bakinsa ɗaya raga, ɗayan da soso, a maƙale da maƙalin gashi na ƙarfe. A kowanne mace 3 da namiji 3 waɗanda ba su wuce kwana biyu da fitowa ba, na awa 72, a bayan ganye na uku daga sama. Mace ta fi girma, ƙarshen cikinta a dunƙule, na namiji siriri mai tsini. Ana duba su ɗaya-ɗaya a bututun gilashi. Sa namiji wajibi ne, domin macen da ba a bi ba takan yi ƙwai amma duk maza ne za su fito.

Abin da ya ɓace mana: naɗaɗɗen ganye ba ya kwanciya. Kumburarrun jijiyoyi sun ɗaga soson, ƙuda ya sulale ta ƙasa, kuma a masu ciwon kawai hakan ya faru. Keji shida cikin 15 an same su ba cikakku ba. Da ba a ƙirga manyan da suka rage kafin ƙwai ba, da lissafi ya nuna mai ciwo ta fi ƙarancin ƙwai, ƙarya tsagwaronta. A zagaye na biyu za mu bar maƙalin, mu zura ganyen gaba ɗaya a jakar raga, a ɗaure a wuyansa da auduga da zare. Za a riƙa raba yawan ƙwai da yawan matan da aka samu da rai.

Ƙwan a ƙarƙashin madubi mai ninki 20 kamar ƙwayar shinkafa yake a tsaye, da ɗan sanda da uwar ta soka cikin ganye, da shi yake shan ruwa. Sabo fari-fari ne, in ya kwana biyu ya koma ruwan ƙasa. A mai ciwo ya fi taruwa a lungun kumburarriyar jijiya, sai an buɗe lungun da bakin allura ake ganinsa. A kejin tara da suka tsira, mai ciwo ce ke gaba. Ba za mu rubuta adadi ba sai an yi zagaye uku da jakar raga. Ƙwai ma rabin labari ne. An yi wa ganyen alama don a ƙirga nawa za su kai manya, da kwana nawa za su ɗauka.

3 ga Fabrairu

Gwajin zaɓi. Mai ciwo a kusurwa ɗaya, ta kwatance a ɗaya, a saki manya 100 daga kwalba a tsakiya, a ƙirga na kan kowacce bayan awa 1, 3, 6 da 24. A ranar farko kusan duka sun tafi gabas, ko wace shuka ce a can. Haske suke bi. Yanzu an lulluɓe gefen kejin huɗu da farin yadi, hasken na sauka daga sama kawai, kuma ana musanya wurin tukwanen a kowane maimaici.

Ana yin gwajin kashi biyu, da ƙuda mai tsabta da wanda ya riga ya ɗauki bairos, saboda abin da aka gani a alkama a Idaho ta Amurka a 2012. Darɓar da ba ta ɗauki bairos ɗin BYDV ba ta fi son alkama mai ciwo, da ta ɗauka sai ta koma son lafiyayya. Babu tsarin da ya fi wannan yi wa bairos daɗi: wanda hannunsa wofi ya je ya ɗauka, mai kaya ya kai inda babu. Ƙudanmu mai tsabta ya karkata ga mai ciwo tun awa ta uku. Mai ɗauke da bairos ya rabu kusan daidai.

Wannan keji ba ya rarrabe ido da hanci. Farin ƙuda na son launin rawaya-kore, shi ya sa tarkon rawaya mai danƙo ke kama shi. Don ware ƙamshi kaɗai an ba mai hura gilashi aikin bututu mai baki biyu kamar gwafa. Iskar za ta bi ta gawayi, ta bi ta ruwa, sannan ta ratsa kwalbar da shukar ke ciki.

17 ga Fabrairu

Mun buɗe reshe na biyu da kokwamba da CMV da darɓar auduga, Aphis gossypii, domin kada a ɗauka kowane bairos ciyar da mai ɗaukarsa yake yi.

CMV da hannu ake sa shi. A niƙa giram 1 na ganye mai ciwo a mililita 10 na ruwan fosfet mai pH 7 a turmi mai sanyi, a barbaɗa garin kaborandam mai ƙarzar fatar ganye a kan ganyen farko guda biyu, a shafa da yatsa sau ɗaya ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da ruwa nan take. Shafa da ƙarfi na kashe ƙwayoyin ganyen, bairos kuwa ba ya rayuwa a matacciya. Ganyen lambu biyu cikin uku da muka kawo tsinken gwaji ya nuna akwai wani bairos na dangin poti a haɗe da CMV, an zubar da su.

CMV ba ya shiga cikin darɓa. A bakin allurarta yake maƙalewa cikin daƙiƙoƙi, lokacin da take ɗanɗana ganye, kuma cikin 'yan awanni, ko bayan ɗanɗano kaɗan, ya kakkaɓe. In darɓa ta zauna ta yi ci mai tsawo, asara ce gare shi. Abin da aka gani a kabewa a Pennsylvania a 2010 ya dace da haka: mai ciwo ta fi fitar da ƙamshi, darɓa ta taho, ta ɗanɗana, ta tarar abincin ba shi da kyau, ta tashi zuwa ta gaba da bairos a baki. Ƙamshin suya ne babu nama. Amma abin ba ɗaya ba ne a kowace shuka, domin a taba an ga 2b na taimakon darɓa ta rayu. Bairos ɗin TuMV kuma, duk da shi ma a baki yake maƙalewa, furotinsa NIa-Pro na rage kalos, abin da shuka ke toshe magudanar abincinta da shi in an huda, darɓa ta ƙara haihuwa.

Ga mai lambu bambancin yana da nauyi. Feshi ba ya tare bairos ɗin da ke shiga cikin daƙiƙoƙi, kafin maganin ya kashe darɓar ta gama aiki, wani maganin ma firgita ta yake yi ta ƙara tsalle daga shuka zuwa shuka. Layin masara ko dawa a kewayen fage ya fi amfani, ta fara ɗanɗana su, bakinta ya wanke.

10 ga Maris

Zagaye na biyu da na uku da jakar raga sun bi sahun na farko, kuma 'ya'yan da suka kai manya sun fi yawa a mai ciwo. Sauran dalili. Zai yiwu garkuwa ce ta karye, zai yiwu kuma ruwan jikin mai ciwo ne ya fi kayan gina jiki, ko naɗewar ganyen ce ke ba 'ya'yan inuwa da laima a wannan bushewa. Wannan na uku ba ƙaramin zato ba ne a Kano.

Hanyar rarrabewa ita ce a buga ƙararrawar da hannu. Metil jasmonet, maikiromola 100: maikirolita 22 a narka a mililita 1 na barasar gwaji, a cika lita ɗaya da ruwa, da ɗigon Tween 20 don ya kama ganye. A fesa har ya fara ɗiga, a jira awa 24, a ɗora ƙuda. Na kwatance a fesa musu ruwa da barasa da Tween ba jasmonet. Rukuni huɗu ke nan: mai ciwo da lafiyayya, kowacce da feshi da babu. In feshin ya rage ƙuda a lafiyayya sosai amma ya kasa yin haka a mai ciwo, to an datse hanyar daga can ƙasa, wajen MYC2. In ya rage a duka biyun har ribar mai ciwo ta ɓace, matsalar a wajen fitar da jasmonet take. In ribar na nan daram bayan duka sun ragu daidai, sai mu koma kan abinci da inuwa.

Gwajin farko ya lalace. Metil jasmonet yana tashi a iska, shi ne ƙamshin furen yasmin, kuma an fesa shi a cikin gidan ragar. Kafin awa ɗaya ko'ina na ƙamshi, ma'ana tsiron kwatance ma sun shaƙa. An zubar da zubin. Yanzu ana fesawa a waje ta yamma da ginin, a rufe kowace tukunya da leda na awa 6 a inuwa, su kwana a wani ɗaki, washegari su dawo.

7 ga Afrilu

Zafi ya tsayar da reshen kuɓewa. Cikin gidan raga ya haura digiri 44 da azahar, raga mai ƙananan ido tana riƙe zafi. Farin ƙuda ya fi haihuwa tsakanin digiri 25 da 30, in aka wuce 35 ƙwai da 'ya'ya na mutuwa, a mai ciwo da lafiyayya baki ɗaya, bambancin da muke nema ya nutse. An shimfiɗa ragar inuwa mai tare rabin rana, santimita 50 sama da rufin don iska ta bi tsakani, an samu sauƙin digiri huɗu, bai isa ba. An mayar da ƙudan gauta ɗaki mai fanka da fitila don kada zuriyar ta ƙare. Maimaicin jasmonet sai damina ta sauka.

Abin da muka riga muka iya faɗa wa masu lambun da suka ba mu ganye: a tuge mai ciwo tun tana ƙarama, da sassafe lokacin da ƙuda bai warware ba, a fara zura mata buhu daga sama kafin a girgiza ta, in ba haka ba an watsa masu ɗauke da cutar ne a kan maƙwabtanta. Kada a jefar da ita a bakin kwali, 'ya'yan da suka kusa fitowa za su ƙarasa a kan ganyen da ke bushewa. Tsohuwar kuɓewar da aka gama tsinka kada ta kwana a fage kusa da sabon shuki.

Kejin da suka zama wofi za su karɓi gyaɗa. Kuturtar gyaɗa ta 1975 ta cinye kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, kuma tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗar garin nan. Ita abu uku ne a haɗe: bairos GRV da ke yin kwafi, ɗan rakiyarsa na RNA da ke jawo alamun, da mataimaki GRAV da ke ba su rigar da darɓar wake, Aphis craccivora, ke iya ɗauka. Ba ta bin iri. Irin da ke jure mata, kamar SAMNUT 23 da SAMNUT 24 na cibiyar IAR ta Samaru, juriyarsu a kan GRV da ɗan rakiyarsa take, mataimakin na iya zama a jikinsu ba alama. Za mu auna ko shi kaɗai yana canza yadda darɓa ke haihuwa a kansu. Darɓar ba ta ƙwai a nan, 'ya'ya take haifa, kuma cikin mako guda 'yar ta fara nata, don haka ƙirge kullum ne, da burushin fenti mai gashi ɗaya-biyu a kwashe jariran bayan an rubuta. An samo darɓar daga gyauron wake a wani lambu, tana kan wake a keji na 10. Gyaɗar za a shuka ta ranar 21 ga wata, tukunya 40, ƙwaya biyu a kowacce, a cire ɗaya bayan ta tsiro.